Na sayi fili a bayan gari don an ce titi da ruwa na tafe: in fara gini ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina zaman haya da iyalina. Bara na haɗa kuɗin adashi da ɗan rance daga ƙungiyarmu ta wurin aiki na sayi fili hamsin da hamsin a bayan gari, awon igiya. Dillalin ya ce mini gwamnati za ta fitar da titi ta wajen, kuma da an yi titin bututun ruwa zai biyo baya. Yanzu farashin wurin ya ɗaga, maƙwabta biyu har sun fara ɗora bulo. Shin da gaske titi da ruwa ne suke raya unguwa? In haka ne, me ya sa ake gina rukunin gidaje da kwalta da fitilu su daɗe babu kowa, alhali unguwannin da ko lambatu babu sun cika maƙil? Ni kuma in fara gini ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a filin. Kada ka ɗora bulo ko ɗaya sai ka san ta inda titin nan zai bi a kan takarda. Mutumin da ya fi kowa cin ribar sabon titi shi ne wanda titin ya wuce ta kusa da shi, wanda ya fi kowa asara kuwa shi ne wanda titin ya bi ta tsakar gidansa, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ba ta wuce taku ashirin ba.

Bari mu fara da maganar dillali. Da ya ce "gwamnati", wacce yake nufi? Hanyoyi a Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Manyan hanyoyin da suka fita daga Kano zuwa Zariya, Katsina da Maiduguri na tarayya ne, kuma ma'aikatar ayyuka ta tarayya ba ta shimfiɗa wa unguwa bututun ruwa. Ruwan famfo a birni aikin hukumar ruwa ta jiha ne, da kasafinta daban, da kwamishinanta daban. Manyan madatsun da ake sako ruwan daga cikinsu kuma, Tiga da Challawa ta Ƙaraye, suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Saboda haka cewa "da an yi titi ruwa zai biyo baya" fata ne kawai. Babu wata doka ko al'adar aiki da ta ɗaure su tare. Unguwanni nawa ne a garin nan kwalta ta ratsa su shekara da shekaru, amma har yau kurar 'yan ga-ruwa ce ke kai musu ruwa?

Titi dai yana jawo mutane, wannan ba a musu. Dubi hanyar Gwarzo: da Jami'ar Bayero ta koma sabon mazauninta, gari ya bi ta, Rijiyar Zaki ta cika, aka zarce Danbare, ana ta nausawa Janguza. Haka titin gefen gari na gabas ya yi wa Hotoro da Mariri. Dalilin a fili yake. Mai neman wurin zama ba kilomita yake ƙirgawa ba, minti yake ƙirgawa da kuɗin adaidaita sahu. Gonar da take da nisan awa guda daga Kantin Kwari, in titi ya mai da ita minti ashirin da biyar, ta tashi daga gona ta zama fuloti ko da ba a taɓa ta ba. Shi ya sa farashi yake tashi tun ana jita-jita, kafin katafila ta iso. Wani ɓangare na kuɗin da ka biya bara, kuɗin titin da ba a yi ba ne.

Sai dai "za a yi" tana da tsawon rai. An ba da kwangilar mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, aka shafe fiye da shekara goma ana abu ɗaya. Ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an ba da ita a ƙarshen 2017, kowa kuma ya ga yadda ta kaya. Waɗannan fa manyan hanyoyi ne da idon ƙasa duka yake kansu. Sannan babban titi ba shi ne zai kai ka ƙofar gida ba. Tsakaninsa da filinka akwai 'yar hanyar da tifa za ta bi ta kawo maka yashi, wadda in ta jiƙe a watan Agusta direba zai ce ko ka ƙara kuɗi ko ya juye maka a bakin kwalta ka nemi masu baro. Wannan 'yar hanyar ita ce ta fi shafar rayuwarka, ita ce kuma ba ta cikin kwangilar kowa.

Ruwa ya fi titi wuya nesa ba kusa ba, a nan kuma nake so ka ɗan ba ni haƙuri in tsawaita.

Titi in an yi kilomita biyu kuɗi suka ƙare, kilomita biyun nan suna amfani. Ruwa ba haka yake ba. Kafin ɗigo ɗaya ya fito a famfonka sai an sami abu shida a jere kuma duka suna aiki: kogin da za a ɗiba, matatar da za ta tace, injinan turawa da wutar da za ta juya su, babban bututu, tankin da ke kan tudu, sannan ƙananan bututun da ke shiga layi-layi. Ɗaya ya tsaya, sauran biyar sun zama kayan kallo. Kano ba ta rasa kogi ba. Tun farkon shekarun 1930 aka kafa matatar farko a Challawa, ta wajen Fanshekara. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga aka gama a 1974, tana iya riƙe ruwa kusan lita tiriliyan biyu. Aka gama madatsar Challawa a 1992. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka yi sabuwar matatar Tamburawa da aka tsara ta ba da lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. A kan takarda wannan ruwa ne mai yawa. In aka ware wa kowane mutum lita 60 a rana, Tamburawa kaɗai za ta shayar da mutum miliyan biyu da rabi.

To ina ruwan yake? Lissafin nan yana tsayawa ne in injina suna juyawa dare da rana, alhali wutar ba ta zama, dizal kuma ya yi tsada. Yana tsayawa in akwai alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a sito. Yana tsayawa in bututun ba ya yoyo, alhali wasu tsofaffi ne ƙwarai, wasu an fasa su wajen aikin titi, wasu an huda su an ja layi ba da izini ba. Kuma gari bai tsaya jira ba: ƙidayar 2006 ta sami kusan mutum miliyan uku a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, yau kuwa gine-gine sun tsallaka su sun shiga Gezawa, Dawakin Kudu, Tofa da Dawakin Tofa. Ga kuma abin da ya shafe ka kai tsaye. Ruwa a bututu ƙarfinsa raguwa yake yi da nisa, kuma kowace mita goma ta hawa tana cin nata rabon ƙarfin. Shi ya sa ake ɗora tanki a kan tudu irin Goron Dutse, ruwan ya gangaro da kansa. In ruwan ya yi kaɗan, na kusa da babban bututu su ne za su sha, musamman masu ɗan injin zuƙa, na ƙarshen layi kuwa famfonsu sai huci. Sabuwar unguwa a bayan gari kusan kullum ita ce ƙarshen layi. Don haka ko ka ga an zube bututu a bakin hanya, tambayar ita ce daga wace matata, kuma wa za a rage wa a ba ku.

Ga ɗan lissafi don ka ga girman abin. A ce unguwarku ta kai gida dubu, kowane gida mutum takwas, kowa lita 60. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin lita 50 zuwa 100 ne ke isar mutum sha da girki da wanka da wanki, ka ga ba mu yi almubazzaranci ba. Lita 480,000 ke nan kowace rana. Kura mai jarka 12, kowace jarka lita 25, tana ɗaukar lita 300. Sawu 1,600 ke nan a rana, kullum, har ranar Sallah. Wannan shi ne aikin da 'yan ga-ruwa suke yi wa garin nan da ƙirjinsu, kuma talakan da ke saye da jarka yana biyan kuɗin lita fiye da mai famfo a Nasarawa.

Za ka ce sai ka haƙa rijiyar burtsatse. Mafi yawa haka suke yi. Amma birnin Kano a kan tsohon dutse yake zaune. Ruwan ƙasa a nan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, ba kamar wajen Haɗeja da Gumel ba inda ƙasar yashi ce mai riƙe ruwa. Shi ya sa za ka ga wani ya samu ruwa mai kyau, maƙwabcinsa na bayan katanga ya haƙa ya tarar da ƙura. In gida ɗari suka soka bututu a tsagi ɗaya, watan Afrilu zai nuna musu iyakarsa. Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Filinka ƙafa hamsin ne, wato mita 15 da 'yan kai. Ko ka kai rijiyarka wannan kusurwa ka kai shaddarka waccan, tazarar ba ta wuce mita 21 da 'yan kai ba, ba ka cika abin da ake so ba, balle shaddar maƙwabci da ke jingine da katangarka. A unguwa mai ƙananan filaye, rijiya gida-gida da masai gida-gida ba sa zama lafiya tare, kuma amai da gudawa na damina daga nan yake samun ƙofa. Wannan ne babban dalilin da ya sa ruwan bututu, ko aƙalla burtsatse ɗaya mai zurfi da tanki na unguwa duka, ba ado ba ne.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi daɗin amsawa. Gidajen da gwamnatin Shagari ta gina daga 1979, da burin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, da yawansu an kai su can bayan gari inda babu ruwa babu abin hawa, wasu saboda jihohin adawa ba su ba da fili mai kyau ba, suka zama kufai kafin gari ya iso su. Wannan matsalar rashin kayan more rayuwa ce. Amma biranen Kwankwasiyya da Amana ta wajen hanyar Zariya, da Bandirawo ta hanyar Katsina, waɗanda aka gina a zangon Kwankwaso na biyu tsakanin 2011 da 2015, an yi musu tituna masu faɗi da magudanai, duk da haka gidaje da yawa suka daɗe a kulle. A ganina dalilin shi ne kuɗin gidajen ya fi ƙarfin mai neman wurin kwana. Wanda zai iya saye yana da gida tun da, ya saya ne ya ajiye. Wanda ke bukata kuma ba shi da miliyoyi a dunƙule, ba shi da bankin da zai ba shi bashin shekara ashirin da ruwan da zai iya ɗauka. Ƙara da cewa unguwa ba ta tashi sai da mai shayi, da mai cefane, da islamiyya, da ɗan adaidaita da zai yarda ya shiga bayan isha'i, su kuma waɗannan sai sun ga mutane suke zuwa.

Awon igiya kuwa ya san aljihun mutanensa. Fili ƙarami, biya kashi-kashi, shaidar mai unguwa, ka yi ɗaki ɗaya da banɗaki ka tare, sauran a hankali. Shi ya sa Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka suka cika. Illarsa ita ce mai gona da dillali kowane taku na hanya asara ne a wurinsu, sai a bar lungun da mota ɗaya ba ta juyawa, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwan sama. Na taɓa shiga wani layi bayan an ɗauke ruwa da yamma: kowane gida ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, kwatar kowane gida ta fito tsakiyar hanya, wani dattijo yana tsaye da shebur yana karkatar da ruwan daga katangarsa zuwa ta maƙwabci, yara suna tsallake bulullukan da aka jera a matsayin gada. Layin bai kai ƙafa goma sha biyu ba. Ko gwamnati ta zo da kuɗi a buhu, ina za ta sa lambatu, ina bututu, ina turken wuta? Sai an rushe ɗakunan gaba na gefe guda, a biya diyya, a sha zagi. Aikin da zai ci naira ɗaya a fili fetal yana cin ninkin-ba-ninki bayan an gina.

Saboda haka in ka tambaye ni inda ya kamata kuɗin gwamnati ya tafi, ba ginin gidaje zan ce ba. Mutanen Kano sun iya gina wa kansu. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne ya riga gari isa gona: a yanka layi da faɗinsa, a kafa turakun siminti, a zuba burji, a yi kwalbati inda ruwa ke bi, a binne babban bututu a gefe tun kafin kwalta, a ware filin makaranta da kasuwa a kuma tsare su daga masu yankawa, sannan a fitar da filaye ƙanana da ma'aikaci irinka zai iya saye. Kwalta ta jira, ba ta gaggawa. Ba sabon tunani ba ne. An gwada shi a unguwar Makama ta Bauchi da rancen Bankin Duniya daga ƙarshen shekarun 1970, kuma Kano kanta tana da tsarin raya birni na shekara ashirin na masanin tsara birane Trevallion tun 1963. Tsari ba shi muka rasa ba. Gadar sama dai ana ganinta daga nesa, bututun da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ba wanda zai ɗauke shi hoto ranar buɗewa. (Kuma duk wanda ya ga an yanka sabuwar kwalta da injin don a wuce da bututu wata shida bayan an gama ta, ya san ma'aikatar ayyuka da hukumar ruwa ba sa shan shayi tare.)

Mu dawo kan filinka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, titi na ciki. Diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba kuɗin da ka ba dillali ba. A aikace a Kano akan ba masu gonaki wani kaso na filaye in an yi sabon awo, amma mai gonar asali ake nema, ba lallai wanda ya sayi yanki a hannunsa da takardar mai unguwa ba. Ginin da aka yi ba izini kuma yana raunana hujjar mai shi. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ka yi sauri ka gina don diyyarka ta yi kauri.

Ka ɗauki takardar cinikinka, ka sa mai awo ya ɗauko maka lambobin kusurwoyin filin da na'ura, ka je hukumar tsara birane ta KNUPDA da ofishin filaye na KANGIS. Abu uku za ka tambaya: shin wurin yana cikin wani awon gwamnati ko ƙasar da aka riga aka karɓa, shin akwai hanyar da aka zana ta ratsa shi, kuma shin za a iya ba ka izinin gini a kai. In titin na tarayya ne, ka sani haƙƙin hanyar yakan kai mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, ba iyakar inda kwalta ta tsaya ba. Ka ɗaga kai ka duba ko babban layin wuta ya bi ta sama. Shi kuma titin, alamar da za ka yarda da ita ba maganar taron siyasa ba ce. Ka ga sunansa a kasafin kuɗi, ka ga an kafa turaku an shafa jan fenti, ka ga an zo ƙidayar diyya, ka ga ɗan kwangila ya kafa sansani. Kafin waɗannan, ka ɗauka babu.

Sannan ka je filin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, da takalmin roba. Ka ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Ka nemi tsoho a ƙauyen ka tambaye shi ko wurin fadama ne a da, ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ka tambayi masu burtsatse mafi kusa zurfin da suka yi da kuma ko tana janyewa da bazara. Ka tambayi kuɗin jarka a watan Afrilu, ka ninka da abin da gidanka ke sha, ka ɗora a kan kuɗin mota zuwa wurin aiki da makarantar yara. Wani lokaci jimillar tana kamo kuɗin hayar da kake gudu.

In hukuma ta ce filin ba ya kan hanya, ƙasar kuma ba ta riƙe ruwa, to kada ka jira gwamnati, domin kuɗin siminti ba ya jiran kowa. Amma kafin ginin, ku zauna da maƙwabtan nan biyu da mai unguwa da mai gonar, tun filayen suna fili, ku yarda a kan faɗin layinku. Ƙafa talatin in zai yiwu, ko da kowa zai ja baya da ƙafa biyu ko uku. A rubuta, a sa hannu, a kafa turaku. Ku ware ɗan wuri guda na burtsatse da tanki na kowa da kowa, nesa da shadduna. Kai kuma ka ɗaga harsashinka sama da hanya sosai, aƙalla bulo uku, saboda ranar da aka zo yin titi cikowa za a yi, gidajen da suka yi ƙasa su koma rami. Ka sa shaddarka ta gaba wajen layi inda motar kwasa za ta iya kaiwa, ka bar bakin bututu a jikin katangar gaba ka toshe shi. Ka fara da katanga da ɗaki biyu, ka riƙe hayarka har ka ga damina ɗaya ta wuce a kan ginin.

In kuwa suka ce hanya ta bi ta kai, ko suka ƙi ba ka amsa a rubuce, ka bar shi fili, ka nemi mai saye ka gaya masa gaskiyar abin da ka ji, ko ka jira ƙidayar diyya da takardunka a hannu.